Leƙen Ɗan Fari

Ɗan farina bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Haka aka raine mu. Mahaifiyata Bafulatana ce, ko da yake a cikin ganuwar Kano aka haife ta, ba ta taɓa tatsar saniya ba, amma fulako kam ta gaji nata ta haɗa da na maƙwabta. Tun ina da cikinsa ta ja min kunne. Ta ce ɗan fari na dangin miji ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta tafi da shi Dukawuya, can ya girma. In ya zo gidanmu a Soron Ɗinki sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, ina kwana," kamar yadda ɗaliban firamaren da nake koyarwa suke faɗa. Ni kuma in ce "Lafiya," ina kallon tukunya. Idan zancensa ya taso a gida, "yayanku" nake cewa, ko "wancan," kowa ya san wanda nake nufi.

Ba don a tausaya min nake faɗa ba. Matan unguwarmu da yawa haka suka yi, kuma 'ya'yansu ba su lalace ba. Muddin yana cikin gari abin bai dame ni ba, don ina ganinsa ta wutsiyar ido, ina jin muryarsa a zaure da babansa, in na dafa abin da yake so in sa a kai Dukawuya da sunan na kakarsa ne. Sai ya samu karatun kwamfuta a wata ƙasa mai sanyi, can nesa, inda rana take fito musu bayan tamu ta kusa take tsaka. Ya gama karatun, ya samu aiki, ya zauna. Daga nan abin da ya rage tsakanina da shi sai waya ranar Sallah da ta farkon azumi. Ya gaishe ni, in amsa, ya ce ya jiki, in ce da sauƙi ko da ba ni da ciwon komai, in ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Da ƙannensa kuwa sai ya yi awa guda yana hira, ina jin dariyarsu daga ɗakina ina yi kamar ina gyaran shinkafa.

Sannan gidan ya fara watsewa. Maigidan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ƙannen marigayin ɗaya bayan ɗaya suka yi gini a sababbin unguwanni bayan ganuwa, inda mota take shiga har ƙofar gida, suka kwashe iyalansu. 'Ya'yana mata suka yi aure. Gidan da a da sai an ɗora tukwane uku kafin kowa ya ƙoshi, ya koma ni kaɗai da ƙofofi masu kwaɗo, da ƙadangaru da suke shan rana a bakin rijiya. Na yi ritaya a wannan tsakanin. Da safe in share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata, in dafa abincin da ba zan iya cinyewa ba, in kunna rediyo don dai a ji murya. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Autata ce mai zuwa duk Asabar. Tana aure can gaba da Ƙofar Ɗan Agundi, tana aiki a sashen kwamfuta na wani ofis, kuma bakinta ya fi almakashi kaifi, ban san inda ta gado shi ba. Ranar sunan ɗanta na biyu, mata sun cika ɗaki, sai na ji ta ce, "Ku zo ku ga shafin Yaya." Gwaggonninsa suka yi caa a kan wayarta, wannan ta ce ya yi ƙiba, waccan ta ce a'a rigar ce. Wata ta miƙo min. Na ce ku ba ni wuri, ina da baƙi a tsakar gida, na fita. Asabar ɗin da ta biyo baya autar ta karɓi wayata wai za ta sa min karatun Alƙur'ani. Da ta tafi na duba, karatun yana nan, kuma kusa da shi ga wani ɗan tambari da ban sani ba. Na danna, sai ga fuskarsa. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta taɓa ta da zancen ba.

Shafin ba wani abin a zo a gani ba ne. Hotuna ne na garin da yake, da 'yan layuka da Hausa a ƙarƙashin kowanne. Ga titi fari fat da ƙanƙara, ga wani kanti da ya samu kuɓewa busasshiya, ga tuwon da ya tuƙa da kansa wanda ko daga nan na ga gudaji a ciki. A cikin 'yan layukan nan na san ɗana fiye da yadda na san shi a shekara talatin. Ashe yana da ban dariya. Ashe ba ya son ruwan sama. A wasu hotunan yana ciki, sai in buɗe su da yatsu biyu in ƙura wa wuyansa ido, don a wuya ake gane rama. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ya zama min al'ada. In na idar da sallar asuba, na gama lazimi, kafin masu koko su fara kira a lungu, sai in jawo wayar daga ƙarƙashin matashi in danna. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, rubutu ya fara fitowa, sannan hotuna su sauko ɗaya bayan ɗaya. In kalle shi son raina. Ba mahaifiyata, ba surukai, ba wanda zai ce dubi marar kunya tana kallon ɗan fari. A zatona abin kamar talabijin ne, kai kana ganin mai karanta labarai, shi ba ya ganinka. Na ɗauka ma shafin yana zaune ne a cikin wayata, autar ta zuba min shi kamar yadda ta zuba karatu.

Bayan wani lokaci ya daina ƙara komai. Hoton ƙarshe yana tsaye ne a bakin wata ƙofa mai launin toka, cikin ƙatuwar rigar sanyi, da leda a hannu, yana murmushin da bai kai ido ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, hoton yana nan a sama. Ban fasa ba. Na haddace ƙofar nan har da tsagar da take gefenta. Wata safiyar in ga kamar ya rame, wata safiyar in ga kamar ya murmure, alhali hoto ɗaya ne.

Wata Laraba na danna, da'irar ta yi ta juyawa ba ta tsaya ba. Daga ƙarshe fuskar wayar ta yi fari, wani rubutu da Turanci ya fito cewa ba a samu isa ga wannan shafi ba. Na kashe wayar na kunna. Na goge ta da gefen mayafi, kamar ƙura ce ta hana. Na hau saman soro da gwiwoyin nan nawa, inda sabis ya fi ƙarfi, na ɗaga ta sama. Karatu yana yi, labarai suna buɗewa, shi kaɗai ne ya ƙi. Na ce ko wani abu ya same shi, an goge komai nasa. Lambarsa tana cikin wayar, yatsana ya je kanta ya dawo. In ya ɗauka in ce masa me? Ban taɓa kiransa ba tun da ya tafi, shi yake kira.

Washegari ma haka. Ban iya jira Asabar ba. Na sa hijabi, na fita bakin titi na tari adaidaita sahu zuwa gidan autar, da ƙullin daddawa a hannu don a ce ita na kawo. Na same ta ta dawo daga aiki. Muka gaisa, na yi wa jikokina wasa, na yi zancen tsadar gawayi, na yi zancen wata maƙwabciya da ta karye. Tana kallona kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na miƙa mata wayar na ce, "Wani abu ne a ciki ya daina buɗewa."

"Wanne, Umma?"

"Ke kika sa shi, ke za ki sani."

Ta danne dariyarta, Allah ya saka mata, ta gwada. Ta gwada a tata wayar ma. Ta ce, "Ba daga wayarki ba ne, sabarsa ce ba ta amsawa."

Na ce ta yi min Hausa. Ta gyara zama, irin zaman da nake yi a da in zan koya wa 'yan aji uku raba lamba.

"Umma, shafin nan ba a wayarki yake ba. Abin da kike dannawa sunansa burauza, ɗan aike ne kawai. Kina dannawa sai ya fara neman adireshin gidan, kamar baƙo ya tsaya wajen mai kanti a bakin lungu ya ce ina ne gidan wane. In an nuna masa, sai ya je can ya yi sallama. A can akwai wata kwamfuta da ake ce wa saba, aikinta ke nan, ta zauna a kunne dare da rana tana jiran sallama. Ɗan aikenki ya ce a ba ni shafi kaza, ta miƙo masa rubutun. Hotuna kuma sai ya sake komawa, kowane hoto da nasa roƙon. Shi ya sa kike ganin suna saukowa ɗaya-ɗaya."

"Kullum sai ya je har can?"

"Kullum. Kafin ki ƙifta ido ya je ya dawo."

"Ita kwamfutar tana ina?"

"Mutane haya suke kamawa a wurin manyan kamfanoni. Amma kin san Yaya da son wahala. Tasa wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburinsa, a ɗakin da yake kwana, shi ya haɗa abinsa. In ba ta amsa ba, ko an kashe ta, ko an zare mata waya."

Wato duk safiyar nan aikena har cikin ɗakinsa yake shiga, kusa da ƙafafunsa. Ni da ko ɗakinsa na samartaka a Dukawuya ban taɓa leƙawa ba.

Ta ce bari ta tambaye shi. Na ce kul, kada ki kuskura ki ambace ni. Ta rubuta a gabana, na karanta da idona: Yaya, shafinka ba ya buɗewa, lafiya? Ba sunana, ba komai. Ba a jima ba amsa ta shigo. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ido kan wayar.

"Me ya ce?"

"Ya ce lafiya ƙalau, gida ya sake, kayan suna cikin kwali." Ta sake duba wayar. "Ya ce a ba Malama haƙuri, yau zai haɗa."

Sai da na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce wa ya gaya masa? Ta rantse da girman Allah ba ita ba ce, ba ta taɓa faɗa masa ba. Na ce to aljani ne ya kai masa labari?

"Umma, ɗan aike ai dole ya faɗi gidan da za a kai amsa, in ba haka ba ina hoton zai san hanyar wayarki? Duk sallamar da aka yi, saba tana rubutawa. Daga wane gari, da wace irin waya, ƙarfe nawa. Ba ta san sunanki ba. Amma waya irin taki, daga Kano, kullum bayan asuba, shekara da shekaru. Yaya ai ba yaro ba ne."

"Kuma kin san haka kika sa min?"

"Ni na ɗauka kin sani."

Ƙarya take, ta san ban sani ba. Na tashi na ɗauki hijabina, ko ruwan da ta kawo ban sha ba. A adaidaita sahu ina ta faɗa a zuciyata, da ita, da kwamfutar da ba ta da aiki sai gulma, da wanda ya ƙirƙiro ta. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ni da na kai shekara sittin ina kau da kai, ashe kullum da sassafe ina tsaye a bakin ƙofar ɗan fari ina rafka sallama, shi kuma yana ciki yana ji. Na tuna safiyoyin da na danna sau biyu, sau uku, don hoton bai fito da kyau ba. Duk an rubuta. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na daina. Ban goge tambarin ba, don ban san yadda ake gogewa ba, kuma ba zan tambayi waccan yarinyar ba. Na dai mayar da wayar cikin kwabet, sai hantsi nake ɗauko ta. In na idar da sallah sai in zauna a kan darduma, hannuna yana neman abin yi. Na ƙara tsawon lazimi. Na fara shara tun gari bai gama wayewa ba, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, Malama, baƙi za ki yi ne? Na ce a'a, barci ne ya ƙi. Gidan ya ƙara girma. A da ban lura ba cewa tsakanin asuba da fitowar rana akwai nisa haka. In na rufe ido ina ganin ƙofar nan mai launin toka, sai kuma in tuna ya ma bar gidan, yanzu ban san kalar ƙofarsa ba.

Autar ta zo Asabar, ta zo wata Asabar ɗin. Sau ɗaya ta ce, "Umma, shafin ya dawo fa." Na ce Allah ya ba masu shiga sa'a. Ba ta sake ba.

Wata Talata bayan la'asar ina tsince wake a tsakar gida, wayar ta yi ƙara daga ɗaki. Ba Sallah ba, ba azumi ba. Na shiga na ga doguwar lambar nan ta ƙasar waje, na goge hannuna a zani na ɗauka, na fito da ita.

"Malama, ina wuni."

"Lafiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

A nan ne ya saba cewa a gai da mutanen gida, in ce za su ji. Bai ce ba. Ina jin numfashinsa, da wata ƙara can nesa kamar ta mota a kan jiƙaƙƙen titi.

"Wayar ce ta samu matsala?"

"Wayata lafiyarta ƙalau."

"To. Na ga kwana biyu ne."

Wata kaza ta maƙwabta ta tsallako tana cin waken da na tsince, ban kore ta ba.

Ya ce, a hankali, kamar mai ba shugaban makaranta bayani, "Dama ba kowa yake shiga ba. Abokai sun daina tuntuni, ni ma abin rubutawa ya ƙare min. Na so in rufe. Sai na ga akwai mutum ɗaya." Ya gyara murya. "In na tashi da safe a nan, ku kun yi nisa da rana. Kafin in yi komai sai na duba ko Kano ta shigo. In na gani sai in tafi aiki."

Na ce, "Uhm."

"Shekarar da aka kwantar da ke a asibiti, aka ce kada a gaya min. Kafin su gaya min na sani. Safiya ta farko da ban gani ba na kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya har aka faɗa min gaskiya."

Wannan ban taɓa ji ba. Na zauna a bakin rijiya.

"Ita na'urar ba ta iya kiran kowa, Malama, sai dai ta jira a tambaye ta. In ba ki shiga ba, ba ni da yadda zan san kin tashi lafiya. Kuma ba na son in riƙa damunki da waya, na san ba kya so."

Ba kya so. Haka ya fahimta, shekara arba'in. Na buɗe baki in gyara masa, na rasa ta inda ake farawa, don ba a koya min ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka ci abinci?"

Ya yi 'yar dariya. "Na ci."

"Wancan tuwon naka mai gudaji?"

"Na iya yanzu."

"To. Gobe zan duba."

"To, Malama."

Maganar ta ƙare, amma bai kashe ba. Ni ma ban kashe ba. Yana can yana jiran in fara ajiyewa don ni ce babba, ni kuma ina riƙe da wayar da hannu biyu a kunnena, ina sauraren numfashin ɗana a tsakar gidan da ba kowa. Ni ce na fara kashewa, don na san in na ƙara ko kaɗan zan kira sunansa.